Burodin Dona Alzira a Gaban Alƙali

A garin Hilmar, duk wanda ya taɓa yi wa Dona Alzira Fagundes wani abu, komai ƙanƙantarsa, ya san ɗanɗanon burodinta. Ba ta tambayarka ko kana so. Ka gyara mata famfo, ko ka rage mata hanya, ko ka ɗora mata buhun fulawa a bayan mota, kafin kwana biyu za ka tarar da dunƙulen burodi mai zaƙi a bakin ƙofarka, a naɗe cikin farin ƙyalle, da ɗan kati a soke. Burodin kyauta ne, ƙyallen kuwa aro. Wanda ya manta bai mayar ba, za ta tare shi ranar Lahadi a ƙofar coci, a gaban matarsa.

Tana da shekara goma sha tara ta baro tsibirin Terceira, inda ake magana da harshen Fotugis, tana amarya, da akwati ɗaya da babban kwanon yumɓu na kwaɓi wanda mahaifiyarta ta naɗe mata cikin bargo. A jirgi ta ƙi yarda a haɗa shi da kaya, ta rungume shi a cinya har suka sauka California. Mijinta Serafim ya riga ta zuwa da shekara biyu, yana tatsar shanu a gonar wani ɗan tsibirinsu. Shi ya ci gaba da tatsa, ita ta shiga masana'antar yanka talotalo, ta yi shekara ashirin da biyu a tsaye tana zare ƙashi daga tsoka har yatsunta suka lanƙwashe. Ta haifi uku, ta aurar da biyu. Turancinta bai kai na karanta takardar hukuma ba, amma ya ishe ta faɗa da mai kanti idan ya ba ta ƙwai masu tsagu. Duk shekarun nan babu makon da ya wuce ba ta yi kwaɓi ba. Makon da aka binne mahaifiyarta can tsibiri, ita ba ta samu zuwa ba, sau uku ta yi.

A Fabrairun bara wata saniya mai ciki ta tsorata da ƙarar injin wanki, ta ja da baya ta matse Serafim da ƙarfen shinge. Ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗarsa ta dama. Ya ƙarasa tatsar safiyar da hannu ɗaya, ya dawo gida ya kasa cire riga. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce jijiya ce ta yage, sai an ɗinke. Ya ƙara da cewa jijiyar da ta yage ba ta zama inda take, ja da baya take yi a hankali kamar roba, kuma akwai lokacin da idan ya wuce babu mai iya jawo ta. Kamfanin inshorar gonar kuwa ya aiko da takarda mai shafi biyu: mutum ne mai shekara sittin da uku, kafaɗa ce ta tsufa, ba laifin saniya ba ne, ba za su biya aikin tiyata ba.

"An wanke saniya," in ji Serafim. "Ashe ta riga ni ɗaukar lauya."

Haka suka hau benen da ke saman wani shagon tayoyi a Turlock, inda wata lauya, Ramina Yonan, take da tebur. Shekararta ɗaya da rabi da gama karatun lauya. Mai ofishin dattijo ne da ya fi zama a wani garin, ya bar mata shari'o'in masu tatsa da masu aikin gonar almon. Ita kuwa mai cizon bayan biro ce, mai duba kalanda sau uku kafin ta faɗi ranar da ake ciki. Alzira ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tambaye ta ko ta karya kumallo.

"Senhor Serafim," in ji Ramina, "tunda likitanka ya ce aiki ne, su kuma sun ce tsufa ne, dole a samo likita na tsakiya, ba naka ba, ba nasu ba. Hukuma za ta aiko da sunaye uku. Mu soke ɗaya, su soke ɗaya. Wanda ya rage shi zai duba ka, kuma abin da ya rubuta shi alƙali ya fi saurara."

"Kamar zaɓen bijimi ke nan. A kori biyu, a bar wa garke ɗaya."

"Kai mutumin nan, rufe baki, yarinya tana aiki," in ji Alzira.

Ramina ta jero musu dokoki a takarda. Kada ya ɗaga abu mai nauyi. Kada su sa hoto a waya duniya ta gani. Kada su makara ranar ganin likita. Kada su buga wa likitan waya, kada su rubuta masa wasiƙa, domin duk abin da ɓangare ɗaya zai faɗa wa likitan tsakiya, sai ɗaya ɓangaren ya gani. Alzira ta manna takardar a jikin firji, ta kiyaye kowane layi kamar dokar coci.

Sunaye suka zo, aka soke biyu, aka bar wani Likita Nakagawa a Fresno. Layinsa ya yi tsawo, sai bayan wata biyar aka sami rana. Ranar kuwa ba a bar Alzira ta shiga ba, tafinta mai fassara kawai aka bari ya bi Serafim. Ta zauna a ɗakin jira awa biyu tana murɗa carbinta. Da Serafim ya fito, sai ta ga fuskarsa ta sake, irin sakin da ba ta gani ba tun ranar saniya.

"Ya taɓa ni kamar mutum," in ji shi a mota. "Ya sa na nuna masa yadda ake maƙala bututun tatsa. Da muka gama, da hannunsa ya sa mini maɓallin riga. Likita guda."

 Ranar Alhamis Alzira ta fasa ƙwai goma sha biyu, ta goga ɓawon lemun tsami, ta narka man shanu, ta kwaɓa har gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ranar Juma'a ta tuƙa mota da kanta, tafiyar awa ɗaya da kwata a tsakanin manyan motocin dakon madara, ta miƙa wa matar da ke teburin karɓar baƙi dunƙule mafi kyau. A katin ta rubuta da harshensu na Fotugis: Allah ya saka maka. Alzira, matar Serafim. Ba waya ta buga ba, ba wasiƙa ta rubuta ba. Ta dawo tana rera waƙa, ba ta ma ga dalilin gaya wa kowa ba.

Bayan mako uku rahoton likita ya fito. Ramina ta kira su, tana karanto musu layi-layi: saniya ce, aiki ne, a yi tiyata ba tare da jinkiri ba. Serafim ya ɗaga hannunsa na hagu sama yana zagaye tebur. Alzira ta kira 'ya'yanta uku ɗaya bayan ɗaya, ta kira ƙanwarta a tsibiri, ta kira matar da suka yi shekara biyu ba sa magana. Gidan ya cika kafin la'asar.

Murnar kwana huɗu ta yi. Ofishin likitan, da yake masu bin ƙa'ida ne, sun aika wa ɓangarorin biyu 'yar gajeriyar takarda: ana sanar da ku cewa a rana kaza matar ma'aikacin ta kawo burodi ɗaya da kati, ga hoton katin. Lauyan kamfanin inshora, wani dogon mutum mai suna Mista Halloran, bai ɓata lokaci ba. Ya rubuta wa kotun ma'aikata cewa an yi hulɗa da likitan tsakiya a bayan idonsu, har da kyauta, kafin ya rubuta rahoto. Alƙalin yana da fayil arba'in a gabansa ranar. Bai kira shaida ba, bai ga Alzira ba. Cikin minti goma ya sa hannu: a ajiye rahoton Nakagawa, a nemo sababbin sunaye uku.

Ramina ta zo gidan da kanta da rana tsaka, cikin zafin Yuli. Ta ƙi zama.

"Dona Alzira, kin kai wa likitan burodi?"

"Na kai. Ya ce ya yi daɗi?"

Ramina ta zauna a lokacin. Ta yi bayani sau biyu, na biyun a hankali. Sababbin sunaye, sabon layi, wata bakwai ko takwas, kuma babu wanda ya san abin da sabon likita zai ce. Likitan ƙashi kuwa ya riga ya faɗa cewa idan aka wuce ƙarshen shekarar nan, ba ya jin akwai sauran abin ɗinkewa.

Alzira ta tashi ta je jikin firji, ta bi takardar dokokin da yatsa daga sama har ƙasa.

"Babu burodi a nan, 'yata."

"Babu. Laifina ne. Ban taɓa tunanin..."

"Ke matar nan," in ji Serafim a hankali, "shekara arba'in da huɗu ina cewa burodinki zai kashe ni. Na ɗauka ta ciki zai biyo."

Ba wanda ya yi dariya. Alzira ta juya musu baya tana goge teburin da babu komai a kansa.

Akwai hanya ɗaya, in ji Ramina. Wannan ba hukuncin ƙarshe ba ne, umarni ne na tsakiyar shari'a, kuma irinsa ba kasafai hukumar ɗaukaka ƙara take sauraron ƙorafi a kansa ba, sai an nuna mata cewa ɓarnar da zai yi ba ta gyaruwa daga baya. Kafaɗar Serafim ta isa hujja. Amma akwai wa'adi: kwana ashirin, da ƙarin biyar na gidan waya. Kuma dole a nuna cewa abin da ya wuce tsakanin Alzira da likita ƙarami ne ƙwarai, bai kai ya canza komai ba. Don haka tana bukatar Alzira ta sa hannu a takardar rantsuwa.

Kwana uku bayan haka ta kawo takardar, ta karanta, 'yar Alzira ta fari tana fassarawa ta waya. Takardar ta ce burodin ba shi da wata ma'ana, abu ne da ta yi ba tare da tunani ba.

Alzira ta ajiye biro.

"Ba da tunani ba? Tun daren Talata nake tunaninsa."

"Dona Alzira, haka ake rubutawa."

"Ƙwai goma sha biyu. Hannun nan da kike gani a lanƙwashe ya yi awa guda cikin kwano. Na bi titin da nake tsoro kamar mutuwa. Ki ce in ɗora hannu in rantse cewa ba komai ba ne? Ƙarya ce, kuma a gaban Allah."

"Idan ba ki sa hannu ba, ba ni da abin kai musu."

"To ki rubuta gaskiya."

"Gaskiyar ce za ta kayar da mu."

Aka rabu a haka. Kwanaki suka fara tafiya. Ramina tana kira kullum da safe, tana faɗin sauran kwanakin kafin ta yi gaisuwa. 'Ya'yan suka taso wa uwarsu, babban ɗan ya zo daga Merced ya yi ta faɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Serafim kaɗai bai matsa mata ba. Wannan ya fi komai ci mata rai. Takardar tana kan tebur, gishiri ya danne ta, ita kuwa tana zagaye ta kamar wuta. Makon nan, karo na farko tun zuwanta ƙasar, ba ta sauko da kwanon kwaɓi ba.

Ranar Lahadi a coci, ana gama addu'a kowa ya ɗaga hannu zai yi alamar gicciye. Ta ga Serafim ya fara da dama yadda ya saba tun yana yaro, hannun ya kai ƙirji ya tsaya, ya kasa kaiwa goshi. Ya waiga ko wani ya gani, ya sunkuyar da kansa ƙasa har goshin ya sami yatsun. Alzira ba ta ji sauran huɗubar ba.

Litinin da sassafe, saura kwana shida, ta hau benen shagon tayoyi tana haki, takardar a hannunta.

"Zan sa. Amma kafin in sa, ki zauna ki ji su wa na ba burodi, don ki san abin da kike sa ni in ƙaryata."

Ramina ta ɗauki biro don kada ta ɓata mata rai. Alzira ta fara. Fada na coci, da wanda ya gabace shi. Mai kawo wasiƙu, duk Kirsimeti da duk ranar da karen gidan ya bi shi. Malamar da ta kayar da ɗanta a jarrabawa, domin ta faɗi gaskiya. Mutumin da ya take mata kyanwa ya tsaya ya ba da haƙuri. Ma'aikacin da ya hana ta lasin tuƙi sau biyu.

"Wanda ya hana ki?"

"Ya yi mini magana da ladabi. Sai kuma wancan bawan Allah na cikin farar mota."

"Wace mota?"

"Wadda ta yi kwana uku a gaban gidanmu a watan Mayu, gilashinta baƙi. Yana ciki tun safe, rana tana dukansa, ba ci ba sha. Rana ta uku na kasa jurewa, na kai masa kofi da yanka biyu. Ya tsorata kamar ya ga aljani. Amma ya karɓa. Serafim ya ce wai hotonmu yake ɗauka. Na ce ko ma mene ne, ɗan wani ne."

Biron ya faɗi daga bakin Ramina. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Kamfanin inshora ya sa an bi Serafim da kyamara a ɓoye, don a kama shi yana ɗaga kaya, kuma doka ta tilasta musu aiko mata da kwafin abin da suka ɗauka. Awa goma sha ɗaya ne. Ta kalli awa bakwai, ta ga Serafim yana shayar da tumatir da hannun hagu, ta gaji ta ajiye. Yanzu ta shiga jawo akwatunan fayil tana zubarwa a ƙasa, har mai tayoyi ya buga silin da sanda daga ƙasa. Ta samo faifan, ta sa a kwamfuta, ta yi ta turawa gaba.

Ga shi nan. Ƙofar gida ta buɗe. Wata gajeriyar mace mai rigar girki ta tsallako titi, tana nufo kyamara kai tsaye, da faranti a hannu, tana ƙara girma har fuskarta ta cika allon.

"Ashe haka na yi ƙiba," in ji Alzira.

Ramina ta rungume ta, ta sake ta, ta yayyaga tsohuwar takardar rantsuwar gida huɗu.

"Ba za ki ce ba komai ba ne. Za ki ce abin da kika gaya mini yanzu, duka, har da mai kyanwa."

Kwana uku suka yi suna rubutu, Alzira tana gyara mata sunayen mutane da shekarun da abin ya faru. Saura kwana biyu wa'adi ya cika Ramina ta shigar da ƙorafin, ta kira ofishin kotu sau uku don ta tabbatar ya shiga. Kafin ma fayil ɗin ya wuce sama, alƙalin ya karanta, ya janye umarninsa da kansa, ya ce a zo a yi zama, yana son ya ji matar da bakinta.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, bai fi ɗakin girkin Alzira ba. Alzira ta sa baƙar rigarta ta zuwa biki, ta zauna kusa da tafinta, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Ramina ta riga ta sa ta rantse a mota cewa babu burodi a jakar, sai carbi da makulli.

Mista Halloran ya miƙe, mutum mai taushin murya.

"Uwargida Fagundes, lokacin da kika kai burodin nan, kin san likita bai rubuta rahotonsa ba tukuna?"

"Na sani."

"Kina so ya ji daɗi?"

"Wa yake yin burodi don a ji haushi?"

"Kina so ya rubuta abin da zai taimaki mijinki?"

Alzira ta ga Ramina ta runtse ido. Ta gane wannan ce tambayar da ake tsoro. Ta juya ta dubi alƙali, ba lauyan ba.

"Ina so mana, ranka ya daɗe. Wace mace ce ba za ta so ba? Amma wannan ba aikin burodi ba ne. Don wannan kyandir na kunna a coci, guda tara. Idan akwai wanda na nemi ya sa baki a rahoton nan, can yake, sai ku aika masa takarda. Burodi na maɓallin riga ne. Ya sa wa mijina maɓalli da hannunsa."

Tafinta ya tsaya ya haɗiye dariya kafin ya fassara. Alƙali ya sa hannu ya rufe bakinsa kamar mai tari.

Sai Ramina ta nemi izini a kunna faifan kamfanin inshora, awa ta tara, minti na goma sha huɗu. Mista Halloran ya ce bai ga alaƙarsa da zancen ba. Alƙali ya ce ai shaidarku ce, ku kuka kawo ta. Aka kunna. Kowa ya ga matar tana tsallako titi. Aka ji ƙwanƙwasa gilashi, aka ji muryar namiji yana cewa a'a, a'a, na gode, aka ji tata tana cewa da guntun Turancinta ci, ci, ka rame. Kyamara ta karkace ta koma kallon sitiyari. Daga nan babu abin da ake ji sai tauna, tsawon minti biyu cur, sannan mutumin ya yi ajiyar zuciya shi kaɗai a mota ya ce kai, wannan abu da daɗi yake.

Serafim ya fashe da dariya har kafaɗar ta soke shi, ya dafe ta yana ci gaba.

"Uwargida Fagundes," in ji Ramina, "kin san wannan mutumin aiki yake yi don a hana mijinki tiyata?"

"Mijina ya gaya mini."

"Me kike nema a wurinsa da kika ba shi?"

"Farantina. Har yau bai dawo da shi ba."

Alƙali ya tambayi Mista Halloran ko yana da sauran tambaya. Ya duba takardunsa, ya ce babu. Alƙali ya ce za su ji daga gare shi a rubuce.

Kwana goma sha tara suka jira. Ranar ta ashirin, wajen ƙarfe goma na safe, motar Ramina ta tsaya a karkace a gaban gidan, tayar gaba a kan ciyawa. Ta fito ba ta rufe ƙofar motar ba, tana kaɗa takarda tun daga titi.

"Rahoton yana nan daram. Ba sabon likita. Kuma Halloran ya kira ni da kansa, ba za su ɗaukaka ba, sun amince da tiyatar. Na riga na kira asibiti daga mota. Tara ga Oktoba."

Alzira ta dafa ƙyauren. Ta ja lauyar cikin gida, ta zaunar da ita, ta ce a karanta mata abin da alƙali ya ce, kalma-kalma, kada a tsallake. Ramina ta karanta, ta zo wani layi ta rage murya.

"Ɗaga murya, 'yata."

"Ya ce ya yarda da shaidarki gaba ɗaya, ya ce ke mai gaskiya ce. Sannan ya ce... burodin da katin abu ne ƙarami ƙwarai, wanda ba zai iya canza ra'ayin kowa ba."

 Alzira ta dubi yatsunta.

"Bai ci burodina ba," in ji ta daga ƙarshe. "Shi ya sa."

"Ke matar nan, mun ci shari'a, ki bar mutum ya huta."

"Ai ban ce komai ba."

Serafim ya karɓi takardar da hannun hagu yana juya ta, ko da yake ba ya iya karantawa. Can sai murmushin ya fara janyewa daga fuskarsa.

"Tara ga Oktoba," in ji shi. "Yarinya, barci za su sa ni?"

"Za su sa ka, Senhor Serafim."

"Gaba ɗaya? Ba zan san inda nake ba?"

"Awa biyu ne kawai."

"Ni fa ko haƙori ba a taɓa cire mini ba." Ya ajiye takardar. "Ba a iya ɗagawa zuwa bayan damina?"

Matan biyu suka juyo suka zuba masa ido a tare, har ya ja kujerarsa baya. Ramina ta ce bayan aikin zai yi mako shida hannunsa a rataye, ba zai iya zura shi cikin riga ba, sai an nemi masu buɗewa ta gefe. Alzira ba ta bari ta gama ba. Ta shige ɗaki ta fito da rigunansa a kafaɗa da almakashi a hannu, ta shimfiɗa ta farko a kan tebur, farar ta zuwa coci.

"Ba wannan ba," in ji Serafim. "Wannan ce mai kyau."

"Da ita za ka fito daga asibiti. Riƙe mini nan."

Ya riƙe da hagu. Ta sa almakashi a ɗinkin kafaɗar dama, ta fara yankawa.